Taken Da Ke Cikin Faifan Shafi'u

Ranar da abin ya soma, babu wanda ya ga alamar komai a gidan marigayi Malam Wali da ke bayan kasuwar Bukkuyum. Kaka ce, gero ya shiga rumbu, dawa na tsaye a gona tana jiran ranarta. An idar da sallar magariba, kaji sun shige akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Mardiyya, matar gidan, ta kwashe tuwo, ta kai wa surukarta Inna Husaina nata a bakin ɗaki, ta ajiye wa 'yarta Nusaiba nata a kan tabarma. Nusaiba shekararta goma sha ɗaya, ita kaɗai Allah ya ba su, kuma bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci.

Ta kai loma ta biyu ke nan sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Inna. Na biyu ya biyo baya, na uku ya sauka a tsakiyar gida, ya gangara a hankali har ya tsaya a gefen tabarma. Inna ta ce 'ya'yan maƙwabta ne marasa tarbiyya. Mardiyya ta ja mayafi ta leƙa lungu, ta dawo ta ce babu ko akuya. Sai a lokacin suka lura da shirun. Gyare ya daina kuka, rediyon maƙwabci ya ɗauke, hatta itacen murhu ya daina ƙara.

Nusaiba ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta miƙe yadda tsofaffi ke miƙewa, da dafa gwiwa, ta juya ta fuskanci arewa, inda babu komai sai katanga.

"Na'am," ta ce.

Muryar ba tata ba ce. Murya ce ta tsohuwa, busasshiya, mai gajiya da ƙosawa.

"Ke Nusaiba, wa ka kiranki?" in ji Mardiyya.

Yarinyar ta tsaya ƙyam, hannuwa a sake, ido a buɗe, tana jiran a faɗa mata abin da aka kira ta dominsa. Uwar ta girgiza ta, ta ja hannunta, ta ji kamar turmi take ja. Haka ta tsaya wajen minti goma sha biyu, sannan ta ja dogon tsaki na wadda aka ɓata wa lokaci, ta koma ta zauna, ta ɗauki lomarta, ta tambayi uwarta da muryarta ta kullum don me take kuka. Kafin ta cinye tuwon ta sake miƙewa, wannan karon ta fuskanci yamma.

Duk abin nan uban yarinyar yana cikin gidan. Yana ɗakin zaure ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ko dutse ɗaya bai ji ba. Shafi'u ke nan, ɗan Malam Wali, wanda aka tura Zariya karatun kwamfuta ya dawo da jita da hura hanci. Da rana yana buga takardu a ofis, da yamma ya kulle kansa da kayan kiɗa. A ƙasar da ta haifi makaɗa tun kaka da kakanni, inda manomi ke da kiɗansa, maƙeri da nasa, mahauci da nasa, shi gogan naka sai ya zauna shekara biyu yana haɗa kiɗan da ba na kowa ba. Babu waƙa, babu amshi, babu wanda aka wasa. Jita ce za ta soma a hankali kamar ba ta so, a ƙarƙashinta ga ƙarar iska cikin karan dawa, ga guga yana bugun bangon rijiya, ga kurciya can nesa, a yi ta hawa a yi ta hawa har kunne ya cika, sannan a bar abin ya mutu da kansa. Kiɗa biyar ya haɗa a faifai guda, ya sa masa suna Kufai, ya ɗora a intanet.

Sau ɗaya ya kunna wa mutanen Bukkuyum. A teburin Lauwali mai shayi ne, kuma ba a yi minti biyar ba Lauwali ya tambaya yaushe mawaƙin zai shigo. Wani ya ce ko wayar ce ta sha ruwa. Inna kuwa, da ta taɓa jiyo shi ta bayan ƙofar ɗakinsa, ta ce injin markaɗe ya fi shi amfani, ko banza shi yana fitar da ƙullu. Daga ranar Shafi'u ya rantse ba zai ƙara kunna wa kowa ba a garin, wai kunnuwansu na gidan biki ne. Suka raina shi, ya raina su, kowa ya kama gabansa, kuma ba don wannan rainin ba da an gane bakin zaren tun da wuri.

Can ƙasashen Turai kuwa, inda mutane suka ƙoshi har suke neman wanda zai sayar musu da shiru, aka samu masu sharhi suka yi caa a kan faifan. Wani a Jamus ya rubuta cewa ya ji faɗin sararin Afirka a kunnensa, shi da bai taɓa taka ƙaya ba. Wata a Kanada ta ce kiɗa na uku, mafi tsawo a faifan, mai minti goma sha biyu, shi ne abin da take sawa in barci ya ƙi zuwa, ta kira shi ɗaki mai tsabta wanda babu kowa a cikinsa. Wani Bature a Ingila ya ƙi bin sahu, ya ba shi tauraro biyu cikin biyar, ya ce kiɗa na ukun nan ba shi da inda ya dosa, maimaici ne kawai na mai garaya da ya rasa abin faɗa. Shafi'u ya buga sharhunan duka a takarda ya liƙa a bango, ban da na Ingila, wanda ya haddace don haushi. Masu sauraron ba su da wani yawa, kada ma a zuzuta. Amma ɗan adadin nasu ya isa abin da ya isa.

Kwana tara Nusaiba tana amsa kira. Ba ta da lokaci. Tana wanka za ta miƙe, tana sujada za ta miƙe, ta kwanta ido ya soma rufewa za ta miƙe, ta fuskanci wata kusurwa ta ce na'am, ta tsaya, ta yi tsaki, ta zube. Wata rana sau ashirin, wata rana sau arba'in. Duwatsu kuwa kullum da magariba sai sun sauka, uku-uku, ba sa samun kowa. Aka cire ta daga makaranta. Aka kai ta asibiti, aka auna jini aka auna fitsari, aka ce ba a ga komai ba. Ƙafafunta suka kumbura har zobban azurfa na idon sawu suka nutse a fata, idanunta suka faɗa, surutun nan nata ya ƙare. In ta dawo hayyacinta abu ɗaya take roƙo, a bar ta ta yi barci.

Mardiyya ta durƙusa gaban mijinta ta ce, "Baban Nusaiba, ɗiyarga mutuwa za ta yi muna kallo. A nemo malami."

Shafi'u ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da suna a littafi, Gusau za a kai ta in hanya ta yi kyau. Yana son 'yarsa, wannan babu mai musu, har kuka ya yi a ɓoye. Amma ya gwammace ya yi kuka a ɓoye da a ce ɗan boko kamarsa ya yarda da maganar tsofaffi.

Inna Husaina ce ta lura da ƙafar. Ran kwana na goma da la'asar, yarinyar na tsaye tana fuskantar gabas maso arewa, tsohuwar ta zuba wa ƙafarta ido ta ga babban yatsa yana motsi. Ya bugi ƙasa sau biyu, ya dakata, ya buga sau ɗaya, ya dakata, a hankali ƙwarai, kamar mai daka da ya gaji. Inna ta bi bugun da nata yatsan a kan cinya, ta ƙara masa sauri, ta ƙara, sai jikinta ya yi sanyi. Ta tashi ta nufi ɗakin zaure, ɗakin da ba ta taɓa shiga ba tun da aka mai da shi gidan kiɗa.

"Kunna mani abin nan naka," ta ce wa ɗanta.

"Inna, ai ke kinka ce injin markaɗe ya hi shi."

"Na ce ka kunna."

Ya kunna ta lasifika. Na farko ta ce wuce, na biyu ta ce wuce. Na uku ya soma da iska, sannan can ƙasa, a ƙarƙashin jitar, wata tsirkiya mai kauri ta buga sau biyu, ta dakata, ta buga sau ɗaya. Inna ta dafa bango. Daga tsakar gida suka ji takun ƙafa masu nauyi suna tahowa, labule ya ɗaga, ga Nusaiba a bakin ƙofa tana duban kakarta ido cikin ido.

"Na'am, Husaina," in ji muryar. "Har da ke?"

Shafi'u ya yi wuf ya kashe na'urar. Yarinyar ta sulale ƙasa, Mardiyya ta ɗauke ta. Inna ta zauna a kan kujerarsa, ta tambaye shi inda ya samo garayar da ke ƙarƙashin kiɗan. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi gaskiya. A adakar mahaifinsa ya tsinci wani ƙunshin fata, an ɗinke shi ruf kamar laya. Ya sa reza ya farke, ya ga tsohon kaset. Ya nemo rediyo ya saurara, ya ji garaya, ya kwashe ta cikin kwamfuta, ya ja ta ya rage mata sauri har ta zama kamar nishi, ya ɗora jitarsa a kai.

"Wanda yaɗ ɗinke abu cikin hwata, wasa shi kai?" in ji Inna.

Sannan ta gaya masa abin da gidan ya binne shekara arba'in. Kakansa Tanko mai garaya ne a Gwashi, kuma ba garayar nishaɗi ba. Akwai wata tsohuwa daga cikin mutanen ɓoye da ke tare da gidansu, tana da takenta. Take kuwa kowa ya san kira ne. In an kaɗa wa ɗan dambe nasa sai ya fito fage ko da zazzaɓi yake, in an kaɗa wa manomi nasa sai ya ɗaga garma. Haka ita ma, in an kaɗa nata dole ta zo, alkawari ne tsakaninta da Tanko. Shi kuwa Tanko bai taɓa kaɗa shi a banza ba. Sai ya share ɗaki ya shimfiɗa tabarma, ya faɗi bukatarsa, in ya gama ya juya kiɗan ya yi mata na sallama ta tafi. Da Malam Wali ya yi karatu ya tuba daga harkar, ya fasa garayar, amma kaset ɗin da wani ya taɓa ɗauka ya kasa ƙona shi don tsoro, ya ɗinke ya ɓoye.

Washegari da sassafe, tun kafin masu babur su cika tasha, Shafi'u da kansa ya kama hanyar Gummi don ɗauko malami.

Modibbo Abdulmajid dattijo ne siriri, Bafulatani, mai ƙaramar murya, wanda ya shekara talatin yana karantar da tafsiri kuma ba ya son a kira shi mai aljanu. Suka iso da hantsi. Bai karɓi ruwa ba, bai zauna a ɗakin zaure ba, ya dai tsaya a bakin ƙofarsa ya dubi takardun da ke bango ya tambaya ko mene ne. Da aka ce masa yabon Turawa ne sai ya gyaɗa kai ya wuce. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Inna, aka kwantar da yarinyar, uwarta ta riƙe kanta, kakarta ta riƙe ƙafafu. Ya yi alwala, ya zauna dab da kunnenta, ya soma karatu.

Ya daɗe yana yi. Rana ta hau, inuwa ta janye har aka matsar da tabarma. Sau uku yarinyar tana fizgewa ta miƙe ta amsa kiran wani can wata duniya, Modibbo bai katse ba, ya bi ta tsaye yana karatu har ta zube. Bayan azahar, yana tsakiyar wata aya, sai bakin Nusaiba ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ban yi maka komi ba."

"Wace ce ke?"

"Sunana na cikin takena. Tambayi wancan mai toshe kunne, shi yas sai da shi."

"Ke Musulma ta?"

"Tun kakanka bai yi kaciya ba."

"To ki ji tsoron Allah. Mi yarinya tay yi maki?"

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Idanun yarinyar suka juya suka sauka a kan ubanta, wanda ke raɓe a jikin rumbu, suka yi masa kallon hadarin kaji.

"Shekara arba'in ina kwance lahiya. Rana ɗaya sai in ji takena. Nit tashi, nib bi kira, nik keta ruwan da ban san iyakarshi ba. Ni ishe wani ƙato jajir kwance bisa kujera, baki buɗe, shina minshari, takena na hita kunnuwanshi. Nit tsaya. Babu sallama, babu tabarma, babu mi kika so. Ban kai gida ba anka sake kira. Wata ta, cikin kwamin wanka, ta kunna kyandir. Wani shina wanke kwanoni. Wani shina gudu bisa wani inji, ba shi zuwa ko'ina. Wata bakwai, Malam, ina tsayuwa gaban mutanen da ba su san sun yi kira ba."

Ta ci gaba, kuma yanzu muryar har rawa take don ɓacin rai.

"Ina tsaye bisa kan wata tana rubutu, wai ɗaki na wanda babu kowa ciki. Ni ta babu kowa. Wani kau yac ce mai garaya ya rasa abin hwaɗi. Tanko! Tanko da in ya taɓa tsirkiya har shanu ka barin kiwo. Wanda bai san hannun da a ka cin tuwo da shi ba, shi ka auna Tanko da taurari. Sai nic ce na gaji. Tsuntsun da yaj ja ruwa shi ruwa ka duka. Niz zaka gidan mai kiran, nis samu wuri niz zamna. Kowa yak kira, ɗiyarshi ta tashi ta amsa."

"Zalunci na," in ji Modibbo. "Wanda yay yi laihi daban, wadda kika azabtarwa daban. Ki hita."

"In hita in koma yawon? A yi mani sallamata, in tahi har abada. Tanko ba shi kirana bai sallame ni ba. Tana nan ƙarshen kaset."

Kowa ya juya ya dubi Shafi'u. Modibbo ba mai son a kaɗa garaya a gabansa ba ne, amma bai hana ba, ya dubi ƙafafun yarinyar ya sunkuyar da kai. Inna ta ce wa ɗanta ya tashi ya ɗauko. Bai tashi ba.

"Na yanke ta," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

"Ka yi mi?"

"Wurin ƙarshen ya cika sauri. Ya yi hayaniya, awa kiɗin biki. Bai dace da sauran ba, sai ban kwashe shi ba. Kaset ɗin kuma rediyo ta cinye zaren, na yar."

Inna ta saki ƙafar jikarta ta rufe fuska. Abin kunya ne da ban haushi a ce mutum ya ɗauki kiran kakansa ya watsa wa duniya, ya jefar da sallamar a bola don ba ta yi daidai da kunnen baƙi ba.

"Kun ji ko," in ji muryar. "Hayaniya."

Modibbo ya umarci Shafi'u ya sauke faifan daga duk inda ya ɗora shi, yanzu-yanzu. A nan, sai an faɗi gaskiya, mutumin ya yi jim. Akwai gayyata da aka aiko masa zuwa wani taron makaɗa a Turai, kuma saboda faifan nan ne. Jim ɗin bai fi na numfashi uku ba, amma matarsa ta gani, uwarsa ta gani, kuma har ya mutu ba zai manta sun gani ba. Ya ciro waya ya goge komai a gabansu. Sannan ya faɗi abin da ya rage, cewa mutane da yawa sun riga sun sauke shi a na'urorinsu, wani kamfani kuma ya buga shi a faifan garmaho ya sayar, waɗannan babu mai iya karɓo su.

Modibbo ya koma karatu da ƙarfi. Yarinyar ta soma mimmiƙewa, muryar tana ihu tana cewa tana ƙonewa. Da jikin babba ne da ya ci gaba har sai ta fita dole. Amma numfashin Nusaiba ya soma sarƙewa, leɓɓanta suka yi fari, Mardiyya ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ji zuciyar tana bugawa kamar ta ɗan tsako. Ta ce, "Malam, don Allah." Modibbo ya dakata, gumi na ɗiga daga gemunsa. La'asar ta yi, inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida.

"Kai ka iya kore ni," in ji muryar, tana haki. "Amma gawa za ka miƙa masu. Ni kau ko na hita, kira na nan. Kira ba shi hwaɗuwa ƙasa, sai an amsa. Ni na gama tawa tsayuwa. A ba ni wanda za shi amsa, in saki ɗiya in yi tahiyata."

"Ba mu ƙulla alkawari da ku," in ji Modibbo. "Wanda anka ƙulla da hwari shi yak kawo mu nan. Kowa shi yi shiru."

"Ni za ni amsa."

Shafi'u ne. Ya baro jikin rumbu ya zo ya durƙusa a gefen tabarma.

"Yi shiru, yaro, ba ka san abin da kaka hwaɗi ba."

"Allah shi gahwarta Malam, na sani. Kwana goma ina kallo." Ya dubi fuskar 'yarsa, ya yi magana da wadda ke bayan fuskar. "Ni nik kira ki. Ban shimhiɗa maki ba, ban sallame ki ba. Ki yahe mani. Ki sake ta, kowa yak kaɗa ni ka tashi."

Idanun suka daɗe a kansa. Rainin bai bar su ba, amma wani abu ya ragu.

"Ashe da sauran jinin Tanko," ta ce. "Kaɗan."

Modibbo ya yi salati ya girgiza kai, ya ce shi bai shaida wannan ba. Amma ya sa ta rantse da Allah ba za ta ƙara kusantar yarinyar ba, ita da zuriyarta, ta rantse sau uku. Ya ce ta fita ta yatsan ƙafa. Babban yatsan Nusaiba na hagu ya karkaɗa, ya miƙe, ya saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Mama, barci." Kafin a amsa mata ta tafi. Ta kwana ta wuni ta sake kwana, ba ta ko juya ba. Da magaribar ranar babu dutsen da ya faɗo.

Modibbo bai kai ƙofar gida ba Shafi'u ya miƙe daga durƙuson da yake, ya juya ya fuskanci arewa. Da muryarsa ya amsa, kuma da hankalinsa, yana ji yana gani, ƙafafun ne kawai ba nasa ba. Dattijon ya tsaya ya dube shi, ya ce zai riƙa yi masa addu'a, amma abin da mutum ya ɗauka da bakinsa sai Allah.

Nusaiba ta warke. Kumburin ya saɓe, ta koma makaranta, surutu ya dawo ko da bai kai na da ba. Shafi'u ya ajiye aiki, don babu ofishin da zai riƙe mai miƙewa tsakiyar rubutu. Ya sayar da jitar, ya yage takardun bango. Da fari abin da sauƙi, sau goma a yini, wata rana shida, har Mardiyya ta soma cewa in Allah ya so mutanen za su gaji su manta, tunda ba a san su da riƙe abu ba.

Ba su manta ba. Sauke faifan da ya yi shi ya ja hankalinsu. Masu sharhin nan dai suka sake ɗaukar alƙalami, wai ga makaɗin da ya goge aikinsa ya ɓace babu bayani, wai wannan shirun nasa shi ne cikon faifan. Har na Ingila ya rubuta cewa ya sake saurara ya gane ya yi kuskure, ya ƙara tauraro biyu. Waɗanda ke da faifan suka yi ta ɗora shi a ko'ina, babu mai neman izini. Tsayuwa ta koma sau hamsin, ta wuce.

Wata ranar Laraba da yamma saƙo ya shigo wayarsa. Yana tsaye a tsakar gida tun azahar, kira na bin kira, ya jingina kafaɗa da wani ginshiƙi da Mardiyya ta sa aka kafa masa. Hannunsa ba ya ɗaguwa in yana cikin amsawa, sai ya ce wa Nusaiba ta karanta masa, tunda ta soma jin Turanci. Ta ɗauko wayar ta zo gabansa. Wani ne daga Turai yake taya shi murna. Ya ce wata tasha ta intanet mai sa wa marasa barci kiɗa ta zaɓi kiɗa na uku, za ta riƙa juya shi dare da rana babu tsayawa, daga ranar Juma'a.

Yarinyar ta kai ƙarshe ta dubi ƙafafun ubanta. A gidan nan duka, ban da shi, ita kaɗai ta san abin da minti goma sha biyu ke yi wa ƙafa.

"Je ki zamna, Nusaiba," in ji uban.

Ta ajiye wayar a ƙasa. Ta matso gefensa, ta juya ta fuskanci inda yake fuskanta, ta ɗauki hannunsa mai nauyi ta ɗora a kafaɗarta, ta gyara tsayuwa.